Ina Kyamara Ta Tsaya? Jiki da Hauka a *Les Maîtres fous* da Finafinan Bayan Fage na Japan

Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga wani zaman kallo da muka yi da ɗalibai ƙalilan a tsakar wani gida a unguwar Lazare, nan Yamai, inda muka jera finafinai biyu a dare guda: *Les Maîtres fous* na Jean Rouch (1955) da *Tetsuo* na Tsukamoto Shinya (1989). Tsakaninsu akwai shekara 34 da nisan duniya, sa'an nan na farko fim ne na nazarin al'ada, na biyun kuwa ƙagaggen labari ne. Amma duk wanda ya gan su a jere zai lura da cewa abu guda suke ɗora wa idon mai kallo, wato jikin ɗan Adam a lokacin da ya daina bin umarnin mai shi: ido ya juye, baki ya yi kumfa, gaɓoɓi su sandare, wani abu da ba mutumin ba ya karɓi linzami. Manufarmu a nan ita ce mu bi tambaya guda da ta taso a wannan dare. Idan mai shirya fim ya fuskanci irin wannan jiki, a ina yake kafa kyamararsa, kuma muryar wa ake bari mu ji?

Sunan unguwar da kansa yana da hannu a cikin tambayar. «Lazaret» kalma ce ta Faransanci da ke nufin wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa, kuma asalinta yana komawa ga wani tsibiri na birnin Benis (Venise) a Italiya, inda aka fara irin wannan keɓewa a shekarar 1423. A lokacin babban farin 1973-1974, a nan Lazare aka kafa sansanin da ya tara dubban makiyayan da yunwa ta koro daga arewa. Yau unguwa ce kamar kowace, da kasuwarta da masallatanta, sai dai sunan bai bar ma'anarsa ba: akwai na ciki, akwai na waje, akwai katanga a tsakani. Da wannan katanga za mu auna finafinan.

Ƴan Hauka ba mahaukata ba ne

Wajibi ne mu fara da gyara kan kalma, domin kuwa kalmar tamu ce. A Hausa «hauka» sunan ciwo ne, wanda ya kamu da shi kuma «mahaukaci». Amma iskokin da ake kira Hauka, waɗanda Arawa suka fi sani da Babule, ba su mai da dokinsu mahaukaci. Wanda iska ke hawa a ranar da aka sa, a gaban jama'a, da goge na tashi, sa'an nan ta sauka ya koma gida, Bahaushe bai taɓa haɗa shi da wanda aka ɗaure a turu ba. Sunan da Rouch ya ba fim ɗinsa yana da baki biyu a Faransanci, domin yana iya nufin iyayen gijin da suka haukace, wato Turawan mulki, yana kuma iya nufin gwanayen hauka. Wasa ne mai kyau da harshe, amma ya buɗe ƙofar da masu kallo a Turai suka shiga suka ruɗe abubuwa biyun nan da muke rarrabewa.

Tarihin abin sananne ne ga masu karanta Finn Fuglestad (1975) da Paul Stoller (1995). Wajen shekarar 1925, a Cikal ta ƙasar Kurfai, kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan sababbin iskoki masu kama da sojoji da ma'aikatan Nasara. Jama'a suka bi ta, suka ƙi sarakunan da Faransa ta naɗa. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle. Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki: kwamandan da kansa ya shiga jerin iskokin, da sunan Kwamandan Mugu. Ƴan ci-rani Zabarmawa da Hausawa suka tafi da wannan bori Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, kuma a can, a wata gona a bayan birnin Akra, Rouch ya ɗauki taronsu na shekara a 1954, bisa gayyatarsu.

Abin da kyamara ta gani ba ya kalluwa da sauƙi ko a yau. Kafaran Gardi ya fara hawa, sai direban jirgin ƙasa, sai Madam Lokotoro, wato matar likita, wadda namiji ne dokinta, sai Gomno, sai Janar, sai Mai Mota. Suna tafiya irin ta fareti da bindigogin katako, kumfa na zuba har ƙirji. Ana sa wuta a jiki don a nuna cewa ba mutum ba ne a wurin. A ƙarshe aka yanka kare, aka lashi jininsa, aka dafa, suka riƙa tsoma hannu cikin tafasasshiyar tukunya suna tsamo nama. Kyamarar Rouch ta hannu ce, irin wadda ake wana mata zare, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai tana aiki, don haka hotunan gajeru ne, a yanke, kamar numfashin mai haki. Da aka fara nuna fim ɗin a Musée de l'Homme a Paris, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi, Afirkawan da ke zauren ma ba su ji daɗinsa ba, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis a 1957, kuma Peter Brook ya nuna wa ƴan wasansa shi lokacin da suke shirya *Marat/Sade* (1964), wasan da ke gudana a gidan mahaukata. Ke nan Turai ta karɓi hoton ƴan ci-raninmu a matsayin darasin yadda mahaukaci yake motsi.

Ƙarfe a cikin tsoka

Yanzu sai mu juya Japan. Abin da muke kira finafinan bayan fage su ne waɗanda aka yi ba tare da kuɗin manyan kamfanoni ba, da ƙaramar kyamara mai milimita 8 ko 16, ake nuna su da tsakar dare a ƙananan gidajen sinima na Tokyo. *Tetsuo* shi ne ya fitar da su duniya bayan ya ci kyauta a Fantafestival na birnin Rum a 1989. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 67, an shafe wata 18 ana ɗaukarsa, galibi a ɗakin Fujiwara Kei, wadda ita ce ƴar wasan kuma tana cikin masu riƙe kyamara.

Labarin gajere ne. Wani mutum mai shaƙuwa da ƙarfe ya tsaga cinyarsa ya cusa sandar ƙarfe. Da ya ga tsutsa a ciwon sai ya ruga kan titi, mota ta kaɗe shi. Mai motar ma'aikacin buro ne (Taguchi Tomorowo), yana tare da budurwarsa, suka kai shi daji suka yar. Daga nan ma'aikacin ya wayi gari yana aski ya ga tsinken ƙarfe ya tsiro masa a kumatu. A tashar jirgin ƙasa, macen da ke zaune kusa da shi, wadda bai sani ba, hannunta ya rikiɗe ya zama tarin ƙarfe, ta bi shi da gudu. Ƙarfen ya ci gaba da cin jikinsa har gabansa ya zama na'urar huda, wadda ta yi ajalin budurwar. A ƙarshe shi da wanda ya kaɗe suka narke suka zama dodo guda, suka fita titi da niyyar mai da duniya duka ƙarfe.

Kamancin da ke tsakanin wannan da Hauka ya wuce kumfa da juyewar ido. A wurare biyun, abin da ya danne mutum a rayuwa shi ne ke shiga jikinsa ya yi magana da bakinsa. Ɗan ci-rani a Akra yana rayuwa ƙarƙashin gwamna da soja da jirgin ƙasa da mota, sai ga gwamna da jirgi da mota sun hau shi. Ma'aikacin Tokyo na ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kuɗi da gine-gine suka yi wa birnin yawa, yana rayuwa tsakanin ƙarfe da waya da siminti, sai ga su sun tsiro masa daga ciki. Hatta dabarar ɗauka ta yi kama, domin Tsukamoto yana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya ya jera, ta yadda mutum zai riƙa sulalawa kan titi ba tare da ɗaga ƙafa ba, kuma kiɗan Ishikawa Chu, wanda bugun ƙarfe ne zalla, yana yi wa jikin abin da goge ke yi wa doki.

Bambancin kuwa shi ne ma'aikacin Tsukamoto ba shi da kowa. Babu mai ce masa ga sunan abin da ya hau ka, ga abin da yake so, ga ranar da zai sauka. A bori, girka ba korar iska take yi ba, sasanta ta take yi da dokinta, ta yadda ciwon da ya zo ba shiri zai koma baƙo mai lokacin zuwa da na tafiya. A *Tetsuo* hawa ne ba sauka. Wannan, a ganinmu, shi ne ainihin abin tsoron fim ɗin, fiye da jini da tsatsa.

Ba za mu ce Japan ba ta san hawan iska ba. Tana da tsohon imani cewa dila na shiga mutum, kuma akwai masu fitar da shi. Sai dai tarihinta na zamani ya karkata ga katanga. Dokar 1900 ta halatta wa iyali su kulle mai taɓin hankali a keji cikin gida, abin da lokotoro Kure Shuzo ya bayyana muninsa a rahotonsa na 1918, kuma ba a soke wannan ba sai 1950. Bayan haka asibitoci masu zaman kansu suka karɓi aikin, har gadajen masu taɓin hankali suka haura 300,000. A 1984 aka fallasa cewa ma'aikatan wani asibiti a Utsunomiya sun doki majinyata biyu har lahira, abin da ya kai ga gyara doka a 1987, shekara biyu kafin fitowar *Tetsuo*. Wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa a finafinan Fukui Shozin, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Tsukamoto, mai farar riga shi ne abin gudu: a *964 Pinocchio* (1991) an taɓa ƙwaƙwalwar wani halitta an jefar da shi kan titi, a *Rubber's Lover* (1996) masu bincike ne ke azabtar da mutane da ƙara da ƙwaya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mu dai ba mu ɗauki waɗannan biyun da muhimmancin da masoyansu ke ba su ba. Ihu da amai na minti da yawa ba su isa su zama hoton ciwon hankali ba, kuma Fukui yakan mai da majinyacin abin kallo kamar yadda yara ke bin mahaukaci a kasuwa. Shi ma *Tetsuo* kashinsa na ƙarshe ya koma dambe tsakanin dodanni biyu, kuma mace a cikinsa ba ta da aiki sai firgitarwa ko mutuwa.

Gani da ji

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A *Les Maîtres fous* ji ne ke ƙoƙarin korar gani. Tun daga farko har ƙarshe muryar Rouch ba ta yin shiru: ita ke faɗin sunan kowace iska, ita ke fassara abin da suke cewa, ita ke gaya mana cewa ƙwan da aka fasa a kan gunkin Gomno kwaikwayon gashin hular gwamnan Ingila ne, sa'an nan a yanko mana hoton gwamnan na gaske a wurin fareti don mu gaskata. A zamanmu na Lazare mun sake kallon wani yanki da murya a kashe, kuma ba a jima ba wasu suka kau da kai. Muryar ce ke riƙe da hannun mai kallo, tana tabbatar masa da cewa yana waje, kuma akwai wanda ya fahimci abin. Wannan aikin lokotoro ne a bakin gadon majinyaci, yana yi wa ɗalibansa bayani. Zargin da Sembène Ousmane ya yi wa Rouch a 1965, cewa yana kallon Afirkawa kamar ƙwari, a nan yake da ƙarfi, ko da yake ba mu ga adalci ba a shafa shi kan dukan aikin mutumin da ya buɗe wa Oumarou Ganda da Moustapha Alassane hanya, wanda kuma kabarinsa ke nan Yamai tun 2004.

Japan tana da misali da ke haskaka wannan batu. A 1926, shekara guda bayan fitowar Shibo, Kinugasa Teinosuke ya yi *Kurutta ichipeiji*, wato «shafi guda na hauka», labarin tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya kama aikin shara a gidan mahaukatan da aka kulle matarsa. Fim ne marar magana kuma marar rubutu, amma a zamaninsa akwai mai bayani da ke tsayawa gefen allo, wanda ake kira *benshi*, kamar dai yadda Rouch ya yi bayani da bakinsa a nunin farko na Paris. Fim ɗin ya ɓace, sai a 1971 Kinugasa ya tsince shi a rumbunsa, lokacin da sana'ar *benshi* ta riga ta shuɗe. Saboda haka masu kallon zamani suka gan shi ba mai riƙe musu hannu, ba su san inda idon mai shara ya ƙare na matarsa ya fara ba. Finafinan bayan fage sun gaji wannan rashin mai bayani, suka mai da shi ƙa'ida.

Sai mu zo ga ƙarshen fim ɗin Rouch, wanda shi ne ya fi damunmu. Washegari ya bi mutanen cikin Akra ya nuna su a wuraren aikinsu, fuska a sake, suna murmushi, yana haɗa kowace fuska da hotonta na jiya. Wasu daga cikinsu, har da dokin Gomno, leburorin hukumar ruwa ne, kuma ya same su suna haƙa rami a daidai ƙofar asibitin mahaukata na birnin. A nan muryar ta yi tambaya ko waɗannan mutane sun san wani magani da Turai ba ta sani ba, wanda ke hana su zama marasa lafiya. Niyyar kirki ce, kuma ita ce ta wanke su daga sunan mahaukata. Amma a duba abin da hoton ya yi. Ya tsai da su a wajen katanga, ya auna lafiyarsu da cewa sun koma haƙa wa Nasara rami da fara'a, wato maganin ya yi wa mai ba da aiki amfani kamar yadda ya yi wa ma'aikaci. Su kuwa na bayan katangar, waɗanda abin ya hau bai sauka ba, kyamara ba ta leƙa su ba. Haka mu ma a Yamai muke ambaton Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, cikin raha da zolaya, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa shiga gaida wani.

Ciwon zargi

Akwai fuska guda ta ciwon hankali da *Les Maîtres fous* bai taɓa ba, wato abin da Faransanci ke kira *paranoïa*, mu kuma za mu kira ciwon zargi: mutum ya tabbata ana bin sa, ana nufin sa da sharri. A ƙauye zargi yana da adireshi, domin wanda ya ce an yi masa sammu ko an kama masa kurwa yakan nuna kishiya ko maƙwabci ko ɗan uba. A birni kuwa wanda ake tsoro baƙo ne. Jita-jitar satar mazakuta, wadda ta fara a Nijeriya a shekarun 1970 ta kuma ratsa Afirka ta Yamma a 1996-1997, ita ce misali mafi kusa: wani da ba ka sani ba ya ba ka hannu ko ya goge ka a tasha, sai ka ji jikinka ya canza. An kashe mutane a kan wannan, kuma kamar yadda Julien Bonhomme ya nuna a littafinsa na 2009, a garuruwa da dama Hausawa fatake ne aka fi nunawa da yatsa. Ɗalibanmu ba su buƙaci bayani ba a kan macen tashar jirgi ta *Tetsuo*; sun san wannan tsoro, kuma sun san yadda yake idan kai ne baƙon.

Sai dai zargin ma'aikacin *Tetsuo* yana da tushe, tun da ya kaɗe mutum ya ɓoye, kuma da gaske ana bin sa. Fim ɗin da ya shiga ciwon zargi tsantsa shi ne *Kotoko* (2011), wanda Tsukamoto ya yi da mawaƙiya Cocco, ya kuma ci kyautar sashen Orizzonti a Benis. A ganinmu shi ne mafi nauyin aikinsa, kuma babu ƙarfe ko dodo a cikinsa. Kotoko uwa ce mai jariri, ita kaɗai. Duk wanda ya tunkaro ta sai ta gan shi biyu, ɗaya na gaishe ta, ɗaya na shirin kai mata hari, kuma kyamara tana nuna mana su biyun daidai wa daida, ba ta gaya mana wanne ne na gaske. Tana yanka hannunta don ta ga ko jikin zai ce yana son rai. Ba ta ganin duniya guda sai lokacin da take waƙa, wato kiɗan da ke kiran iska a wurinmu shi ke kwantar da ita a wurinta. Hukuma ta karɓe yaron ta kai wa ƴar'uwarta. Da aka dawo mata da shi, tsoron kada wani ya cuce shi ya kai ta ga ɗora hannu a wuyansa, kuma mai kallo, da yake a cikin idonta yake, ba shi da inda zai tsaya ya ce wannan mahaukaciya ce.

Fim ɗin ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali. An bar ta ta fita shan taba, ta yi rawa cikin ruwan sama, ma'aikaci na tsaye yana jiran ta. Daga baya aka ce tana da baƙo, sai ga ɗan nata, da ransa, ya girma ya zama saurayi. Ya zauna ya ba ta labarin rayuwarsa, ita ba ta ce komai ba. Da ya tashi tafiya, kyamara ba ta bi shi waje ba. Ta tsaya tare da uwar a bakin taga, daga cikin katanga, suna kallon sa yana nisa yana ɗago mata hannu.